Rimiks na masoya: yadda ake ɗora murya a kan kiɗan wasannin bidiyo, da rigimar wa ke da shi

A shekarar 1998 wani matashi ɗan Japan mai suna Jun'ya Ota, wanda aka fi sani da ZUN, ya fitar da wasan kwamfuta na huɗu a jerin wasanninsa na Touhou Project. Shi kaɗai ya rubuta manhajar, ya yi zanen, ya kuma tsara kiɗan. A mataki na uku na wasan akwai wani kiɗa mai sauri, marar murya, da ya raɗa wa suna "Bad Apple!!". Shekara tara bayan haka, a 2007, wata ƙungiyar masoya mai suna Alstroemeria Records ta ɗauki kiɗan, ta rage masa gudu, aka rubuta masa baitoci, mawaƙiya nomico ta rera. A 2009 aka yi wa waƙar bidiyon inuwa mai launin baƙi da fari aka saka a shafin Nico Nico Douga. A yau mafi yawan waɗanda suka san "Bad Apple!!" wannan sigar suka sani, kuma da yawansu ba su taɓa buga wasan da ya haife ta ba.

Wannan shi ake kira rimiks na masoya mai murya: mutumin da ba shi ya mallaki kiɗan wasa ba ya sake masa tsari, ya rubuta masa kalmomi, ya rera ko ya sa a rera. Ya bambanta da kwafar kiɗan asali a ɗora shi a intanet yadda yake, ya kuma bambanta da maimaita waƙar da tun a cikin wasan tana da baitocinta. Bambancin ba na suna kawai ba ne, domin doka ba ta kallon su da ido ɗaya.

Me ya sa kiɗan wasa yake karɓar murya

Dalilin yana cikin ƙarancin da na'urorin farko suka yi fama da shi. Na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, hanyoyin sauti biyar kacal take da su, kuma uku ne daga ciki aka saba amfani da su wajen fitar da kari. Mai tsara kiɗa kamar Koji Kondo, wanda ya yi kiɗan Super Mario Bros. na 1985, ba shi da ƙungiyar makaɗa da zai ɓuya a bayanta. Abin da ya rage masa shi ne kari mai kama kunne, wanda yaro zai ji sau ɗari a yini bai gundure shi ba. Irin wannan kari tamkar waƙa ce da aka cire wa kalmomi, shi ya sa ba a daɗe ba mutane suka fara mayar masa da su.

Sai dai aikin ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. Kiɗan wasa an gina shi ne ya yi ta zagayawa ba iyaka, sai ɗan wasa ya gama matakin ko ya faɗi. Ba shi da buɗewa irin ta waƙa, ba shi da amshi a inda kunne ke jiransa, ba shi da rufewa. Mai rimiks ne zai yanke shawarar wane yanki zai zama baiti, wane zai zama amshi, ya kuma ƙirƙiro ƙarshen da mai kiɗan asali bai taɓa rubutawa ba. Matsala ta biyu ta fi wannan: na'ura ba ta numfashi. Tana iya tsalle daga sauti mafi ƙasa zuwa mafi sama cikin ƙiftawar ido, ta yi minti guda ba ta tsaya ba. Maƙogwaron ɗan Adam ba ya iya haka. Dole a rage gudun kiɗan, ko a sauke shi zuwa inda muryar mawaƙi za ta kai, ko a cire wasu sautuka domin a bar wurin shaƙar iska. A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Wanda ya nace sai ya cusa gaɓa ɗaya a kan kowane sauti yakan ƙare da waƙar da ba a jin me take cewa.

Sauran aikin na situdiyo ne, kuma situdiyon yau na iya zama ɗakin kwana. Ana fara da sauraron kiɗan a rubuta sautukansa, a sake gina shi a manhaja irin su FL Studio, Ableton Live ko Reaper, a naɗi murya da makirfo, sannan a daidaita ƙarfin kowane sashe. Wasu ba sa amfani da kayan kiɗa sam. Ba'amurke Max Gleason, wanda aka sani da Smooth McGroove, ya yi suna ne da naɗar muryarsa sau da yawa, kowace tana kwaikwayon hanyar sauti ɗaya ta na'urar. Shi kuma Brent Black, mai laƙabin brentalfloss, tun wajen 2008 yake ɗora baitocin barkwanci a kan kiɗan tsofaffin wasanni irin su Mega Man.

Ga mai sauraro a Kano dabarar ba baƙuwa ba ce. Mawaƙan bandiri sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa baitocin yabon Annabi da Hausa, kuma sun san wahalar daidaita tsawon gaɓa da hawa da saukar murya a kan karin da ba don Hausa aka yi shi ba.

Daga sha'awa zuwa sana'a

Babbar matattarar wannan fasaha a ƙasashen Yamma ita ce OverClocked ReMix, wadda David Lloyd ya kafa a ƙarshen 1999. Tsarinta mai tsauri ne: alƙalai ke sauraron abin da aka aiko, kuma ba sa karɓar kwafi tsagwaronsa, sai an ga sabuwar fassara. Ana sauke waƙoƙin kyauta. A 2008 kamfanin Capcom ya yi abin da ba a saba gani ba, ya bai wa mutanen wannan dandali aikin kiɗan wasansa Super Street Fighter II Turbo HD Remix, wato masu yi don sha'awa suka zama masu yi a hukumance.

Irin wannan tsallakawa ta sha faruwa. Mawaƙiyar Meziko Malukah ta rera ɗaya daga cikin waƙoƙin wasan Skyrim a ƙarshen 2011 ta saka a YouTube, daga baya aka gayyace ta ta yi waƙa a The Elder Scrolls Online. Toby Fox, wanda ya fitar da Undertale a 2015, ya fara ne da sauya fasalin wasan EarthBound na Nintendo ba da izini ba, kuma a can fitaccen kiɗansa "Megalovania" ya fara bayyana. Bayan shekaru sai ga shi yana tsara kiɗa a wasan Pokémon. A 2022 kuma Charlie Rosen da Jake Silverman suka ci kyautar Grammy da sabon tsarin da suka yi wa wani kiɗan wasan Kirby Super Star tare da ƙungiyar The 8-Bit Big Band.

Waɗannan labarai ne masu daɗin ji, amma tsiraru ne. Galibin masu rimiks ba sa samun kwangila ko lambar yabo. Suna yi wa kayan kamfani talla kyauta, a kan dandalin wani kamfanin, ƙarƙashin sharuɗɗan da ba su da ta cewa a kansu.

Inda doka ta tsaya

Kowane kiɗa yana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu: na ƙirƙirar kansa, wato kari da kalmomi, da na naɗin da aka yi masa. Wanda ya yanko sautin wasan kai tsaye ya taɓa duka biyun. Wanda ya sake kaɗawa da hannunsa ya taɓa na farko kaɗai. Kuma a yawancin lokuta haƙƙin ba ya hannun mai tsara kiɗan, yana hannun kamfanin da ya ɗauke shi aiki. A Amurka irin wannan haƙƙi na kamfani yana kai shekara 95 daga ranar fitarwa, ma'ana kiɗan Mario na 1985 ba zai zama na kowa da kowa a can ba sai bayan 2080.

Da yake manyan dandalin bidiyo da kiɗa a Amurka suke, dokarta ce ta fi tasiri. Sashe na 115 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ya ba kowa damar sake rera kiɗan da aka riga aka fitar a faifai, ko da mai shi bai so ba, muddin an biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade. Kuɗin ya tsaya a santi 9.1 kan kowane kwafi daga 2006, sannan ya koma santi 12 a 2023. Amma lasisin yana da iyaka. Bai yarda a sauya ainihin karin ko ɗabi'ar aikin ba, bai shafi bidiyo ba, kuma kiɗan wasan da ba a taɓa fitar da shi a faifai ba yana iya faɗawa wajensa baki ɗaya. Abin mamakin shi ne, ƙara sababbin baitoci, wanda shi ne sashen da ya fi buƙatar basira, shi ne yake fitar da aikin daga inuwar wannan lasisi, domin doka tana ɗaukarsa a matsayin sabon aiki da aka ciro daga na wani, wanda sai da yardar mai shi. Mai kwaikwayo ya fi mai ƙirƙira samun kariya.

Masu baitocin barkwanci sukan fake da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1994 a shari'ar Campbell da Acuff-Rose, wanda ya ce kwaikwayon ba'a yana iya shiga cikin amfani na adalci ko da an sami kuɗi da shi. Sai dai wannan kariya ce da ake gabatarwa a gaban alƙali bayan an shigar da ƙara, ba izini ba ne da ake riƙewa a hannu, kuma ɗalibin da ke rimiks a ɗakinsa ba shi da kuɗin lauyan da zai kai shi can.

A aikace ma ba a zuwa kotu. Tun 2007 YouTube ke amfani da tsarin Content ID, wanda ke gwada duk abin da aka ɗora da rumbun kayan masu haƙƙi. Idan ya ga kama, mai haƙƙi na iya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallarsa. Idan kuma aka aiko da takardar cirewa a hukumance ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998, ana rubuta wa tashar gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya sa a rufe ta da duk abin da ke ciki.

Kamfanoni biyu, hanyoyi biyu

Nintendo ya yi suna wajen tsanani. A farkon 2022 ya toshe bidiyo fiye da 3,500 a tashar GilvaSunner, har mai ita ya rufe ta. Gaskiya ne wannan tasha kiɗan asali take ɗorawa, ba rimiks ba, amma a shekarar ce kuma wani mai sake kaɗa kiɗan Metroid ya bayyana cewa lauyoyin kamfanin sun nemi ya cire wasu bidiyonsa. Abin da ya ƙara fusata masoya shi ne a lokacin kamfanin bai samar da wata hanyar halal ta sauraron mafi yawan kiɗan ba. Sai a Oktoban 2024 ya fitar da manhajar Nintendo Music, ita ma aka soke ta saboda ba ta ambaci sunayen waɗanda suka tsara kiɗan ba.

ZUN ya bi akasin haka. Ya fitar da ƙa'idoji da suka bar masoya su yi waƙoƙi, zane da littattafai daga Touhou, har su sayar a kasuwannin masoya irin su Comiket, wadda ake yi a Tokyo tun 1975. Sakamakon shi ne ɗimbin ƙungiyoyin kiɗa, irin su IOSYS, da suka gina sunansu a kan karin da ya tsara, suka kuma kai wasan mutum ɗaya inda kuɗin talla ba zai kai shi ba. Tsarin dokar Japan ma ya taimaka: a bisa al'ada ba a gurfanar da mai keta haƙƙin mallaka sai mai haƙƙin ya kai ƙara. Lokacin da yarjejeniyar kasuwanci ta TPP ta nemi a sauya wannan, masu fasahar masoya sun yi ta ƙorafi, Firaminista Shinzo Abe ya faɗa wa majalisa a 2016 cewa irin waɗannan ayyuka ba sa gogayya da na asali a kasuwa, kuma gyaran da ya fara aiki a ƙarshen 2018 ya taƙaita ga masu satar fasaha don riba. Duk da haka ya kamata a lura cewa 'yancin masoyan Touhou kyauta ce daga mutum ɗaya, ba haƙƙi ba ne da doka ta ba su. Wanda ya bayar yana iya janyewa.

Ga mai ɗorawa daga Najeriya

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi hanyar neman a cire abin da ya keta haƙƙi daga intanet, ta kuma sa kwaikwayon ba'a cikin abubuwan da za a iya yi ba tare da izini ba. Amma matashin da ya ɗora rimiks ɗinsa a YouTube daga Kaduna ko Jos ba da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya zai fara haɗuwa ba. Idan aka cire bidiyonsa da takardar DMCA kuma ya ga an zalunce shi, hanyar da ta rage ita ce ya aika da takardar musantawa. A cikinta dole ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa, waɗanda za a miƙa wa kamfanin da ya kai ƙorafin, ya kuma amince a rubuce cewa kotun tarayya a Amurka tana da hurumin sauraron shari'ar.