WAIWAYE: Ranar da Arike Ogunbowale ta ci wa Jami'ar Notre Dame kofi ana saura ƙiftawar ido a tashi

A tarihin gasar ƙwallon kwando ta mata 'yan jami'o'in Amurka, da wuya a samu wasan da ake yawan tunawa da shi kamar wasan ƙarshe na ranar Lahadi, 1 ga Afrilu, 2018, a birnin Columbus na jihar Ohio. Jami'ar Notre Dame ce ta doke Jami'ar Mississippi State da maki 61 da 58, kuma wadda ta jefa ƙwallon da ya raba gardama ita ce Arike Ogunbowale, haifaffiyar Milwaukee wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne.

Yadda gasar take

Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara shirya gasar mata a 1982. A 2018 jami'o'i 64 ne suka shiga, kuma tsarin na sili-ɗaya-ƙwale ne: wanda aka doke sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Ana buga kowane wasa zango huɗu, minti goma-goma. Ƙwallon da aka jefa daga kusa maki 2 ne, wanda aka jefa daga bayan layin nesa maki 3.

Notre Dame ta iso gasar a raunane. 'Yan wasanta huɗu sun tsinke jijiyar gwiwa, lamarin da ya bar mai horarwa Muffet McGraw da 'yan ƙalilan da za ta iya dogara da su. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar 30 ga Maris, ta haɗu da Jami'ar Connecticut, wadda ta ci wasanni 36 a kakar ba tare da an doke ta ba. Sai da aka je ƙarin lokaci, inda Arike ta jefa ƙwallon nasara ana saura daƙiƙa ɗaya, aka tashi 91 da 89.

Yadda wasan ƙarshe ya kaya

Mississippi State, ƙarƙashin Vic Schaefer, ta zo da nata ciwon, domin ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2017 a hannun South Carolina. Ta matse Notre Dame har maki 3 kacal ta iya samu a zango na biyu, aka tafi hutun rabin lokaci ana 30 da 17. A zango na uku ratar ta kai maki 15, wato 40 da 25. Daga nan reshe ya juye da mujiya: Notre Dame ta ci maki 16 a lokacin da abokiyar karawarta ta ci 1, zangon ya ƙare kunnen doki, 41 da 41.

Ana saura ƙasa da minti biyu, Mississippi State ta sake wucewa gaba da 58 da 53. Marina Mabrey ta jefa mai maki 3, Jackie Young ta ƙara 2, aka koma daidai. Da ya rage daƙiƙa uku, Young ta jefo ƙwallo daga gefen fili zuwa hannun Arike, ita kuma ta karkata dama, ta cilla daga bayan layin nesa jikinta a karkace. Ƙwallon ya faɗa raga agogo na nuna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kafin wannan jifa ba ta da sa'a a ranar, domin 5 kawai ta ci cikin jifa 20. Ita aka zaɓa gwarzuwar matakin ƙarshe na gasar, Notre Dame kuma ta ɗauki kofinta na biyu bayan na 2001.

Dokar da ta share fage

Wannan bajinta tana da tushe a siyasa. A 1972 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dalilinta ne jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata da guraben tallafin karatu, ta yadda yarinya za ta yi digiri kyauta saboda iya wasa. An ɗauki shekaru ana jan ƙafa wajen aiwatarwa, amma a 2024 wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa ya samu 'yan kallo fiye da miliyan 18, adadin da ya zarce na wasan maza a karon farko.

Rabon Najeriya

Najeriya na cikin masu cin moriyar wannan tsari. Da yawa daga 'yan wasan D'Tigress a jami'o'in Amurka suka goge: Ezinne Kalu a Savannah State, Promise Amukamara a Arizona State, mai horarwa Rena Wakama kuma a Western Carolina. Su ne suka doke Ostareliya da Kanada a gasar Olamfik ta Faris a 2024, suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas. A 2025 sun ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan. Cikinsu akwai Murjanatu Musa, wadda ta taso a gasar cikin gida da ƙungiyar Air Warriors ta Abuja.

Siyasa ta taɓa yi musu ƙafar ungulu. A watan Mayun 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye Najeriya daga wasannin duniya saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando. Ko da aka soke matakin, an riga an bai wa Mali gurbinsu a gasar cin kofin duniya.

Abin lura ga kudancin Katsina

Wasan ba baƙo ba ne a wannan yanki. Zariya, maƙwabciyar Funtuwa, ta daɗe da suna a ƙwallon kwando ta dalilin Jami'ar Ahmadu Bello da mai horarwa Oliver Johnson, kuma a can Masai Ujiri ya taso kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Batun sutura ma an warware shi, domin tun 2017 hukumar FIBA ta amince mata su yi wasa da hijabi, bayan fafutukar 'yan wasa irin su Bilqis Abdul-Qaadir.

A garuruwan noma kamar Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, inda karatun ɗiya mace kan rataya a kan abin da gona ta bayar, gurbin karatu kyauta ba ƙaramin al'amari ba ne. Filin wasan mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, wanda harabar makarantar 'yan mata za ta ɗauka ba tare da wahala ba. Abin da ya rage shi ne malamin wasanni, gasa tsakanin makarantun Funtuwa, Bakori da Malumfashi, da kason da za a ware wa mata a kasafin wasanni na jiha da na jami'o'i. Waɗannan tambayoyi ne da matasa za su iya ajiyewa a gaban duk mai neman ƙuri'arsu.