Labarin Akwatin Waƙa a Karkarar Kano

Wanda duk ya fita birnin Kano ya yi arewa, ko ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi, ko ta Daura wadda ta ratsa Dambatta, ba ya ganin daji. Gona ke bin gona, gida na hangen gida, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye cikin hatsi. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, saboda haka ba a barin gona ta huta. Taki ke riƙe da ita, na turke da wanda jakuna suka daɗe suna kwasowa daga jujin birni. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana auna gonakin nan tun cikin shekarun 1960, don ya gane yadda 'yar ƙasa kaɗan ke ciyad da jama'a mai yawa haka. Mutumin da ya tashi a wuri irin wannan ba ya wasa da kwabo. To, ƙaƙa aka yi akwatin waƙa, abin da ba a ci, ba a sha, ba ya kuma noma, ya sami wurin zama a ɗakinsa?

Na farkon zuwa shi ne garmaho. Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar kama murya cikin 1877, bayan shekara 10 kuma Emile Berliner ya fito da irin mai faifai. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da kayan ƙasashen waje, garmaho na cikinsu. Ba ya bukatar lantarki ko batir. Wani hannu gare shi a gefe, a yi ta murɗawa har ƙarfen da ke naɗe ciki ya ɗaure, sa'an nan a saki. Faifai ya riƙa juyawa sau 78 a minti guda, allura na bin 'yan layukan da aka tsaga a fuskarsa, rawar da take yi kuwa ita ke fitowa murya. Hausawa da suka ga abin baƙi, mai faɗi, kewayayye, sai suka ba shi sunan faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya, sunan kuwa ya zauna.

Amma garmaho bai zama kayan manomi ba. Gefe guda na faifai bai fi minti 3 ba, allura ta ƙarfe ce, tana dakushewa nan da nan, in an ƙi sake ta sai ta cinye faifan. In ya faɗi ya fashe kamar kasko, in rana ta doke shi ya lanƙwashe. Masu shi su ne 'yan kasuwa da akawuna da ma'aikatan En'e. Dattawa da yawa ma ba su ɗauke shi kayan mutumin kirki ba.

Rediyo ma a birni ya fara sauka. Cikin 1944 aka kafa rediyon waya a Kano, shekara 9 bayan na Ikko. Aka liƙa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, mai hali kuma ya yi hayar ɗan akwati a ja masa waya har gida. Akwatin nan ba a juya shi a nemi wata tasha. Abin da aka turo shi za ka ji. Waya kuwa ba ta yi nisa da gari ba. Mutumin Ungogo ko na Minjibir sai ran da ya kawo itace ko hatsi birni yake tsayawa ya saurara, ya koma gida da labari a baki. Gwamnatocin Turawa sun san da wannan matsala. A Rodeshiya ta Arewa, wadda ta zama Zambiya, kamfanin Ever Ready ya fito da wani rediyon talaka cikin 1949, jikinsa kamar tukunyar miya ta ƙarfe, kuɗinsa fam 5, batirinsa kuma sule 25. Ka ga ke nan batir guda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin akwatin. Wannan lissafi na batir, mai karatu, ka riƙe shi, gama shi ne ya bi masu akwati har zuwa ƙarshen labarin nan.

Abin da ya kai rediyo ƙauye wani ɗan ƙanƙanen abu ne da ake kira taransista, wanda aka gano a Amurka cikin 1947. Kafinsa ƙwayaye masu zafi ne cikin rediyo, masu shan wuta da yawa. Da aka maye gurbinsu da shi sai rediyo ya ƙanƙance, ya yi sauƙin kuɗi, batirin tocila ya ishe shi. Na farkon irinsa ya shiga kasuwa cikin 1954, mutanen Japan kuma suka kama sana'ar da hannu biyu. Aka yi gamon katar, lokacin nan ne tashoshi suka fara magana da Hausa sosai: BBC ran 13 ga Maris 1957, Rediyon Kaduna cikin 1962, na Jamus cikin 1963. Kuɗin gyaɗa kuma na shigowa kowace kaka. In manomi ya biya haraji, ya yi wa iyali tufafi, ya sallami bashi, abin da ya saura sai a yi ta shawara da zuci, keke ko rediyo. Juyin mulkin Janairu 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa da yawa suka zaɓi rediyo, don kowa na da wani nasa da yake jiran labarinsa. Aka ɗinka masa riga, aka yi masa maratayi, aka tafi da shi gona a saƙale shi a reshen bishiya. Waɗanda suka iya boko suka shiga aika katin Zaɓi Sonka Kaduna, mutum ya ji an kira sunansa da na ƙauyensu duk ƙasa na ji.

Duk da haka rediyo sarki ne, ba ya tambayarka abin da kake so. In ana waƙar Shata ka tafi ban ruwan jaki, ta wuce ke nan. Wanda ya kwance wannan ƙulli shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi cikin 1963. Ɗan zare ne siriri na roba, an shafa masa garin ƙarfe, yana wucewa ta gaban wani ɗan maganaɗisu da masu gyara ke kira kai, wajen santimita 5 kowace daƙiƙa. Kan nan shi ke rubuta murya, shi ke karanta ta. Kaset guda mai lamba 60 na ɗaukar rabin sa'a kowane gefe, watau faifan garmaho 10 gaba da baya. Ga shi ba ya fashewa, yana shiga aljihu, in an gaji da abin da ke ciki a shafe a ɗauki wani.

Rikoda ta cika kasuwannin Kano cikin shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur. Cikin 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan na Udoji, har da na watannin baya, kaya suka yi ta kwararowa har jirage suka rasa wurin tsayawa a Ikko. Abin mamaki, lokacin nan ne aljihun manomi ya fi bushewa. An yi fari cikin 1973, cikin 1975 kuma ciwon da darɓa ke yaɗawa ya kashe gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Saboda haka yawancin rikodar da ta shiga ƙauye ba gona ta saya ba. Ɗan cin rani ne ya komo da ita daga Ikko ko Kaduna, ko alhaji daga Makka, ko ango ya sa a kayan aure. National da Sanyo da Sharp, sunayen nan har yara sun san su.

To, sai mai rikoda ya fara koyon halinta. Rediyo ɗan lasa yake yi wa batir, amma rikoda haɗiya take yi, domin akwai ɗan inji ciki da ke juya zare. Babba mai lasifika biyu na cin manyan batura 6 ko 8 a zama ɗaya, in an saki murya kuwa 'yan kwanaki kaɗan sun mutu. Alamar mutuwarsu kowa ya san ta: waƙa ta riƙa ja, muryar Ɗan Maraya ta yi kauri ta koma ta wani tsoho mai jin barci. Sai dabaru suka tashi. A shanya batir a rana, a ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse, a haɗa tsofaffi da sababbi, wanda kuwa asara ce, don tsohon ke janye sabon. Ba a yarda inji ya mai da zare baya. Biro ake zurawa a ramin kaset a yi ta juyawa da hannu. Mai ɗan hali ya sayi tsohon batirin mota, ran kasuwa a ɗaura shi a keke a kai caji gari. Gidaje da yawa rediyon jikinta kaɗai ake buɗewa kullum, kaset sai ran suna ko biki, ko in an yi baƙo. Wanda kuma ya bar matattun batura ciki ya tafi cin rani, ya komo ya tarar sun zubo da ruwa sun cinye ƙarfen.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙurar hunturu. Takan zauna bisa kai murya ta dushe, ta zauna bisa 'yar tayar robar da ke jan zare, sai zare ya naɗe, a ce rikoda ta ci kaset. A zaro shi a hankali, a yanke wurin da ya tauna, a liƙe da jan farce ko salatif. Baiti guda ya tafi har abada, amma saura ya tsira. Zafin bazara kuma na saki bel. Wannan ya sa mata suka riƙa yi mata lulluɓi kamar amarya, masu gyaran rediyo kuma suka sami rumfa a kasuwannin Bichi da Dambatta da Gezawa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa game da lasifika biyun nan da aka yi ta biyan kuɗi dominsu. Dabarar ta wani Bature ce na Ingila, Alan Blumlein, cikin 1931. Ya lura kunne biyu gare mu, saboda haka in an ɗauki kiɗa da makama murya biyu, aka fitar ta lasifika biyu masu nisa da juna, mai sauraro zai ji kalangu ta dama, 'yan amshi ta hagun, kamar yana wurin. Amma kaset ɗin da ake sayarwa a kasuwa yawanci da makami ɗaya aka ɗauke shi, aka kwafa daga wanda aka kwafa, a Ƙofar Wambai ko a rumfar ƙauye, har shuu ɗinsa ya kusa rinjayar kiɗan. Lasifikan kuma suna manne a jiki guda, taƙi biyu tsakaninsu. Abu ɗaya suke faɗa su biyun. A ganina ta biyun ado ce da ƙarin ƙara, ba wani abu ba. Haka nan lambobin da aka zo ana mannawa daga baya, a rubuta wat 1000 ko 2000 a jikin akwatin roba. Batura 8 bolt 12 ne, abin da za su iya fitarwa na gaskiya 'yan wat kaɗan ne. Mai saye da wayo ba ya duban lambar. Ɗaga akwatin yake yi ya ji nauyin lasifika, ya buɗe murya ya ji ko tana rawa.

Me aka samu a madadin wannan ɗawainiya duka? An samu da yawa. Matar da ke kulle tana suyar ƙuli-ƙuli ta ji Barmani Choge a tsakar gidanta lokacin da ta ga dama. Tafsirin Shehu Nasiru Kabara da na Shehu Abubakar Gumi, waɗanda dā sai da azumi, suka zama ana jinsu ko yaushe, bayan kafa Izala cikin 1978 kuma muhawarar malaman birni ta bi kaset har zauren ƙauye, ta haɗa wasu ta raba wasu. Ba nan kaɗai ba. A Iran ma kaset ɗin Ayatullahi Khumaini da ake aikowa daga Faransa sun taimaka wajen tumɓuke sarki cikin 1979. Wanda bai iya rubutu ba ya sami wasiƙa: ya rufe ɗaki, ya danna jan maɓalli, ya gai da kowa da sunansa, ya ba direba ya kai. Abin da ya fi duka kuwa, makaɗin gayya da mai kalangun mahauta da zabiyar biki, waɗanda ba kamfanin da zai taɓa yi musu faifai, su ma aka kama muryarsu. Manyan mawaƙa dai ba su ga kwabon masu kwafa ba, sai dai sunansu ya ƙara nisa, masu gayyata suka ƙaru.

Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki naira. Kafin nan naira 1 na kusan daidai da dala 1. Cikin 1987 sai an ba da wajen naira 4. Sabuwar rikodar Japan ta fi ƙarfin talaka, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano da ta kayan Sin, masu araha, masu saurin mutuwa. Sa'an nan faifan CD ya zo, bai kuwa ji daɗin ƙauye ba, don ƙura na makantad da idonsa, kaset kuma ya fi shi jimiri. Wayar hannu ce, wadda ta shigo cikin 2001, ta kashe kaset daga baya, sa'ad da aka fara samun mai ɗaukar memori. Ɗan abu kamar farce ya haɗiye abin da kwali guda na kaset ba ya ɗauka, a biya 'yan kuɗi a rumfar caji a zuba maka waƙa da wa'azi. Rediyo shi kam ya tsira, har ya ƙara ƙarfi da tashoshin FM, irin su Freedom da aka buɗe a Kano cikin 2003.

Waƙoƙin Shata, wanda ya rasu cikin 1999, da na Ɗanƙwairo, an kwashe da yawansu an zuba cikin waya, ba su da fargaba. Waɗanda ba wanda ya kwafa su ne na gida: kiɗan gayyar wani ƙauye, bikin naɗin wani dagaci, muryar tsoho yana aiko da gaisuwa daga Makka. Suna nan cikin kwalla da akwatunan ƙarfe, zafi da laimar damina na cin zarensu, masu gyaran da za su tada na'urar sauraronsu kuma yawanci sun koma gyaran waya. Ita kanta rikodar, in ta faɗa hannun yara, sukan zare ɗan injinta su yi fanka ko motar gwangwani, maganaɗisun lasifika kuwa su ɗaura masa igiya su riƙa ja cikin ƙasa suna tsintar ƙusa.