Tsaunukan Riruwai da Hanyoyin 'Yan Kuza

Matafiyin da ya bar Kano ya ɗauki hanyar Jos yakan sha shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har ya wuce Tudun Wada. Da ya kutsa dajin Falgore, ya ɓulla ƙasar Doguwa, sai duwatsu su fara tashi, iska ta yi sanyi, gajimare ya sauko kan tsaunuka in damina ce. Nan Riruwai take, kuma duk jihar Kano babu inda ya kai ta tudu.

Masana duwatsu sun ce wurin ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya mutu shekaru miliyoyi da suka wuce, ɗaya daga cikin jerin irinsa da suka faro daga Azbin ta ƙasar Nijar suka gangaro har Jos. Wannan wuta ce ta bar kuza a jikin duwatsun, ruwan sama kuma ya riƙa wanko ta zuwa rafuka.

Samarin da suke hawa yau da takalmin roba da gorar ruwa, su ɗauki hoto a ruwan Zainabi mai gangarowa daga dutse, ƙafar wasu suke bi. Tun kafin Turawa, mutanen Riruwai suna tara baƙin yashin kuza a rafi, su wanke shi a ƙwarya har mai nauyin ya kwanta, su narka shi a tanderun yumɓu da gawayi da zugazugi. Aikin da ya fi burgewa shi ne zubin. Akan soka tsinkayen ciyawa cikin danshin ƙasa, a zare su, a kwarara narkakken ƙarfen cikin ramukan. In ya huce sai ya fito sirara kamar tsinken tsintsiya, a ɗaure shi dami-dami. Fatake su ɗora wa jakuna, su bi matsattsun hanyoyin dutse su sauka fili, su nufi kasuwar Kurmi, inda maƙeran farfaru suke jira.

Tafiyar kuwa sai da sayar da rai. Bayan da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa a shekarun 1840 suka kafu a duwatsun Ningi, kudancin Kano ya zama filin hari. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi saboda su. A irin wannan zamani, sanin kowane kwazazzabo da kowane kogo shi ke raba mutum da bauta. Wasu masu narka kuza sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, shi ya sa ake da Riruwai biyu, ta Kano da ta Dalma.

Siraran sandunan kuzan nan su suka tona asirin duwatsun. Ma'aikatan kamfanin Neja sun gan su a kasuwanni, suka shiga cigiyar inda suke fitowa, har a 1902 aka tura George Nicolaus ya binciko kuza a tsaunukan Bauchi. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, Kano ta faɗi ranar 3 ga wata. Ba a jima ba kamfanoni suka yanki filaye da lasisi, tanderun gargajiya suka mutu, 'ya'yan masu sana'ar suka koma leburori masu ɗaukar ƙasa a kwano. Wannan babbar asara ce, domin ilimin da aka gada kaka da kakanni ya tafi cikin rayuwar mutum guda.

Daga baya an shiga cikin dutsen kansa. A shekarun 1970 aka haƙa ma'adinai ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, ana bin jijiyar kuza mai tsawon kusan kilomita 5. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta zo wa irin waɗannan ayyuka da ƙarar kwana, aka bar ramuka da tsofaffin gine-gine.

Dajin da ke gindin tsaunukan shi ma ya ga sauyi. Turawa sun keɓe shi a 1949 da sunan dajin Kogin Kano, daga baya ya zama gandun namun daji na Falgore. Kogin da ke ratsa shi ne ke cika madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, har manoman shinkafa a Kura da Kadawa suke noman rani da ruwan. A 'yan shekarun nan ɓarayin shanu sun sa mutane ɗari-ɗari da dajin, har aka girke sojoji a ciki, don haka mai son hawa sai ya fara gaida masu gari ya nemi ɗan jagora.

Jagororin nan, mafarauta da makiyaya da tsofaffin 'yan kuza, su ne suka san inda tsofaffin ramuka suke da inda rafi ke cika ba shiri a watan Agusta. Ya kamata jihar Kano da jami'o'inta su zauna da su, a zana taswirar hanyoyin, a rubuta sunan kowane dutse, a killace wuraren tanderun da suka rage tun masu nuna su suna raye.