Bargar Palace House: Ginin Da Ya Kusa Mutuwa Da Dawaki Suka Fita

A wannan makon zan ɗauke ku zuwa Newmarket, wani ƙaramin gari a Ingila, kimanin kilomita 100 arewa da Landan. Garin ba shi da wata sana'a da ta wuce sukuwa; dawakin tsere da ake horarwa a cikinsa sun kai wajen 3,000. A tsakiyarsa, 'yan taku kaɗan daga babban titi, akwai wata barga da ake kira Palace House. Masu kula da ita suna cewa da wuya a sami wurin horar da dawakin tsere da ya girme ta a duniya.

Asalin wurin fada ce. Sarki Charles na Biyu, wanda ya hau gadon mahaifinsa a 1660, mutum ne da doki ya shiga ransa, har ya sa aka gina masa fada a garin, aka gama ta wajen 1671, da bargarsa a kusa. Ba sarkin da ke zama a rumfa yana kallo ba ne. A wannan shekarar da kansa ya hau, ya ci tseren Town Plate. Mutane har laƙabi suka yi masa da sunan wani ingarmansa, Old Rowley, kuma har gobe ɗaya daga filayen sukuwar garin Rowley Mile ake ce masa.

A 1683 gobara ta cinye wani babban sashe na garin, dole sarki ya koma Landan kafin ranar da ya tsara. Ashe akwai waɗanda suka shirya yi masa kwanton ɓauna a hanya, a wani gida da ake kira Rye House. Ya wuce tun ba su kintsa ba. Wutar da ta raba talakawa da gidajensu ita ta tsirar da ran sarki.

Bayan shi sarakunan Ingila suka riƙa ja da baya daga garin, aka rushe mafi yawan fadar, sashe ɗaya ya rage. Shi ne Baron Mayer de Rothschild, na gidan attajiran bankin nan, ya saya a 1857, aka sake gina bargar a kan tsohon gurbinta. Shekarar da ba a mantawa ita ce 1871: ingarmansa Favonius ya ci Derby, goɗiyarsa Hannah, wadda ya sa wa sunan 'yarsa, ta ci 1000 Guineas da Oaks da St Leger. Manyan tsere huɗu cikin biyar na ƙasar, duk daga barga ɗaya. A 1903 Leopold de Rothschild ya ƙara wata farfajiya da ɗakunan dawakinta, shekara na zagayowa dokinsa St Amant ya ci Derby.

Mai horarwa na ƙarshe a wurin shi ne Bruce Hobbs, wanda tun yana ɗan shekara 17 ya ci tseren Grand National a 1938, a kan wani doki mai suna Battleship. Da ya yi ritaya a 1985, aka fitar da dawakin, aka rufe ƙofa.

Nan ne abin da ya sa na zaɓi wannan labari. Wurin ya ga rushewar fada, ya ga sauyin masu shi, ya ga yaƙin duniya biyu, bai faɗi ba. Amma 'yan shekaru kaɗan babu doki a ciki, sai ga shi ya kama hanyar zama kufai, har gobara ta ci gidan mai horarwa. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da barga. Doki ba ya yarda a manta da shi. Kullum sai an kwashe kashi, an zuba ciyawa, an kawo ruwa, kuma yaron da ke wannan aikin shi ne zai fara ganin inda rufi ke yoyo. Ranar da babu dokin, babu yaron. Ga shi kuma barga a tsakiyar gari fili ce mai tsada, idon masu gina gidaje yana kanta.

Ƙaramar hukumar Forest Heath ce ta sayi wurin a 1992. Aka fara da gyaran ragowar fadar, inda ma'aikata suka gano wata tsohuwar taga mai zamewa sama da ƙasa da aka toshe a bango, wadda ake lissafawa cikin mafi daɗewar irinta a Ingila. Bargar kuwa ta ci gaba da jira shekara da shekaru, don gyaranta kuɗi ne masu yawa. Fiye da fam miliyan 4 daga ciki asusun cacar ƙasa ne ya bayar. Ban ji daɗin wannan ba, amma ba zan ɓoye shi don labarin ya yi kyau ba. Sukuwar Turawa da caca tun fil azal tare suke tafiya.

Ranar 3 ga Nuwamba 2016 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe wurin. Gidan tarihin sukuwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1983, ya taso ya dawo nan, fadar kuma aka cika ta da zane-zanen dawaki da farauta. Duk wannan da kyau, sai dai a ganina da nan suka tsaya, da sun yi wa gawa kwalliya ne kawai. Sirdi da linzami a cikin gilashi ba sa sa gini ya zama barga.

Abin da suka yi daidai shi ne farfajiyar 1903. Sun mayar da dawaki masu rai cikinta, tare da wata ƙungiyar agaji mai suna Retraining of Racehorses. Dawakin tsere ne da suka gama zamaninsu, ana koya musu tafiya a natse don su sami sabon mai hawa maimakon a yasar da su. Baƙo yakan tsaya a bakin ɗaki ya ji haniniya da ƙarar kofato, ya ga ana sharce wa doki jiki, ana share masa wuri kamar yadda ake yi a zamanin St Amant.