Yadda Littafi Ya Ke Isa Hannun Yaro a Ƙasar Gwandu

Kowane littafi da ka gani a hannun ɗan makaranta, akwai wanda ya zaɓe shi, akwai wanda ya biya kuɗinsa, akwai kuma wanda ya ɗauko shi ya kawo. A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama, da sauran ƙasar Gwandu, waɗannan ayyuka uku sun sha sauya hannu cikin shekara ɗari biyu. Ya kamata wanda Allah ya buɗe wa ido da karatu ya san yadda abin ya faru, gama 'ya'yansa ne za su karanta littattafan nan, ko kuwa su rasa su.

Tun kafin jihadi akwai ilmi a wannan yanki. A Gimbana, kusa da Jega, Malam Abdussalami almajirin Shehu Usmanu ya zauna da jama'arsa, har mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa garin cikin 1803. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta kuwa ta bunƙasa har ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya wallafa littattafai masu yawa, kamar Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati.

A zamanin nan malami shi ne mai zaɓe, uba shi ne mai saye. Kayan karatun yaro duk na gida ne. Masassaƙi ya sassaƙa allo, a fiƙe alƙalami daga kara, a dafa tawada da ƙaro, a shimfiɗa buzu. In yaro ya sauke Alƙur'ani, sai malaminsa ya ɗora masa Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, da Risala, bi da bi, yadda shi ma aka ɗora masa. Takarda ce kaɗai mai tsada, don daga Italiya a ke kawo ta, ta bi ta Tarabulus ko Masar, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita zuwa Kano, sa'an nan fatake su watsa ta kasuwanni. Masana suna gane ta da tambarin jinjirin wata uku da ke cikin jikinta. Wanda ba shi da halin sayen littafi sai ya ara, ya kwafe da hannunsa, ya sa a gafaka. Saboda wahalar nan, littafi ya zama dukiyar da a ke rabawa cikin gado.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, sai aka shigo da wani irin karatu. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Da farko babu isassun littattafan Hausa na boko, malami ya kan rubuta darasi a babban allo, yara su kwafa. Don maganin wannan aka kafa Hukumar Fassara cikin 1929, wadda ta zauna a Zariya, aka sake mata suna Hukumar Talifi cikin 1933, Dokta East yana shugabanta. A shekarar nan aka yi gasar da ta haifi Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar. Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don makarantu, aka fara buga shi cikin 1937. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito cikin 1939, Kamfanin Gaskiya kuma aka kafa shi cikin 1945.

To, makarantun elementare na Gwamnati ne a wajen tsari, amma na En'e ne a wajen kuɗi. Ga yadda aikin ya ke tafiya. Sashen Ilmi na Jihar Arewa shi ke tsara abin da za a koyar, ya fitar da sunayen littattafan da ya yarda da su. Babban malamin kowace makaranta ya ƙidaya yaransa, ya rubuta abin da ya ke bukata, littattafan karatu da na rubutu, da alli, da alluna, da tawada, ya aika ofishin En'e a Birnin Kebbi. A can a tara bukatun gundumomi duka, a shigar cikin kasafin shekara, wadda ta kan soma ran 1 ga Afrilu. Majalisar Sarki ta duba, Razdan ya sa hannu, kana Ma'aji ya fitar da kuɗi daga Baitulmali. Kuɗin nan kuwa harajin talakawa ne da jangalin makiyaya, tare da gudummawar Gwamnati. Littattafan Hausa daga Zariya su ke zuwa, na Turanci kuwa da yawansu daga Ingila. In kaya sun iso, sai a shigar da su sito, a rubuta a littafin lissafi, a raba wa makarantu. Malamin duba makarantu in ya zo rangadi ya kan ƙidaya abin da ya rage, wanda ya ɓata kuwa sai an yi bayaninsa.

Wannan tsari yana da amfani, gama kwabo bai fita ba tare da takarda ba. Yana kuma da aibu. Uban yaro ba a tambayarsa, shi da ya biya harajin. Makarantun kaɗan ne, iyaye da yawa suna gudunsu. Bukatar da aka manta ba a rubuta ba kuwa, sai ta jira kasafin baɗi. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, malamin makaranta ne kafin ya hau, saboda haka ya san wannan sha'ani ciki da waje.

Lokacin Yaƙi da Jahilci aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, ana kai su kasuwanni, kowane lardi kuma da jaridarsa. Ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. A nan ne talaka ya sake zama mai zaɓen littafin boko da kansa, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya. An rufe hukumar cikin 1959, daga baya kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa cikin 1966, ya ɗauki bugun littattafan makarantu.

Dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kawo hukumomin ilmi na ƙasashen En'e. Cikin 1976 abu biyu suka faru tare: aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka tuɗaɗo makarantu fiye da lissafin da aka yi, har littattafai da malamai suka kasa. Aka yanki Jihar Kebbi daga ta Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991. Jega da Aliero da Maiyama kowace ta zama ƙaramar hukuma, da ofishin ilminta da sakatarensa.

Cikin 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito cikin 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Tarayya don wannan aiki, wani yanki nasa kuwa na littattafai ne da kayan koyarwa. Hukumar NERDC, wadda aka kafa cikin 1988, ita ke tsara manhaja. Hukumar ilmin bai-ɗaya ta Abuja ta kan sayi littattafai, ta aika wa takwararta ta jiha a Birnin Kebbi, ita kuma ta miƙa wa ofisoshin ƙananan hukumomi, su raba wa makarantu. Abin da bai samu ba ta wannan hanya, uba ya saya a kasuwa, in yana da hali.

Duba fa yadda tafiyar ta ƙara nisa. Da can mai zaɓen littafi yana zaune a zauren unguwarku. Daga nan ya koma Birnin Kebbi da Kaduna, yanzu har Abuja. Kowane zango aka ƙara, an ƙara wurin da kaya za su iya makalewa, ko su kwana a sito gara ta ci, alhali yara biyar suna leƙen littafi guda. Amma akwai ƙofar da magabatanmu ba su samu ba. An tsara kowace makarantar gwamnati ta sami kwamitin gudanarwa, wanda ya ƙunshi iyaye maza da mata, da dattawan gari, da malamai.

Saboda haka, ya kai wanda ya koyi karatu da girmansa, manomin albasa ne kai a Aliero ko ɗan kasuwa a Jega, kada ka bar iliminka a karanta wasiƙa kaɗai. Tafi makarantar 'ya'yanka, ka tambayi babban malami cikin ladabi littattafai nawa aka kawo bana, yara nawa ke ajin, ina kuma aka rubuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In an ba ɗanka littafi, ka sa ya yi masa bango, ya tsare shi daga ruwa da mai, don ƙaninsa ya same shi lafiya. Dukiyar jama'a ce aka sayo shi da ita, kai ma kana cikin masu ita.

Allah ya amfana mana abin da muka karanta, ya shiryi zuriyarmu, amin.