Ziyarar Bayan Sulhu

Tun da na ajiye aikin jin daɗin jama'a, ba abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar in ji yaran yanzu suna magana sai ka ce da su aka fara kare mata a Kano. Ba raina ci gaban nake yi ba. Cibiyar Waraka da aka buɗe a Asibitin Murtala a 2016 ta share hawaye, don yarinyar da aka yi wa fyaɗe tana samun likita da magani da takardar shaida a wuri guda. A zamaninmu uwa kan gaji da zarya tsakanin caji ofis da asibiti, ta ce ta bar wa Allah.

Amma mu muna komawa gidajen da aka yi wa sulhu. Hajiyar da ta koya mini aiki, Allah ya jiƙanta, ba ta rufe fayil don an yi sulhu. Mace ta yi yaji saboda duka, mai unguwa ya tara waliyyai a zaure, miji ya yi rantsuwa, an mayar da ita ɗakinta. To, sai Hajiya ta bari a kwana biyu, mu bi lungunan Kabara a ƙafa da hantsi, bayan maigida ya fita. Ba ta tambayar ko yana dukanta, ta san amsar "lafiya lau" ce. Cewa take, "'Yar nan, ba ni ruwa." Sai ta zuba ido ta ga yadda matar za ta miƙe, da wane hannu za ta ɗauko kwanon sha. In ta ga abin da ta gani, gidan mai unguwa muka nufa, ko takalmi ba ta gama sawa ba.

Wannan tun kafin Hisbah ta samu doka a 2003 ƙorafin aure ya koma can. Af, daga Kabara Hajiya takan ja ni Kwalli, masaukin masu yoyon fitsari, waɗanda da yawansu mazan sun sake su, ta zauna a tabarma har azahar tana rubuta sunayen garuruwansu don a nemo dangi.

Yanzu an sa hannu a dokar kare yara a 2023, ana ta bita a otal, fom kuwa har ya yi yawa. Na duba wanda wata ƙanwata a aiki ta nuna mini. Akwai gurbin ranar kawo ƙara da na ranar sasantawa, na nemi na ranar komawa ban gani ba.