Ɗan Tayi a Mahaifa, Ɗan'uwansa a Bututun Ƙwai: Tarihin Ganowa da Magani

A cikin matsalolin watanni ukun farko na juna biyu, da wuya a sami wadda ta fi ɓoye wa likita kamar yanayin da mace za ta ɗauki 'yan tayi biyu a lokaci guda, ɗaya ya zauna a mahaifa, ɗayan kuma ya maƙale a wajenta, galibi a bututun da ke kai ƙwai zuwa mahaifa. Bututun siriri ne, ba ya buɗewa yadda mahaifa take yi, saboda haka yakan fashe, jini ya riƙa kwarara cikin kogon ciki ba tare da an gani ba. Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu a 1013, ya bayyana cikin da ya zauna a wajen mahaifa a littafinsa At-Tasrif, amma haɗuwar guda biyun sai a 1708 Duverney na Faransa ya rubuta ta, kuma a jikin gawa ya gani. Ceton mai rai bayan fashewar bututu bai samu ba sai 1883, lokacin da Lawson Tait na Birmingham ya ɗaure bututun da ya fashe, ya cire shi, matar ta tashi.

A 1948 DeVoe da Pratt suka ƙiyasta cewa abin yana faruwa sau ɗaya a cikin juna biyu 30,000, kuma wannan adadi ya haifar da ƙa'idar da aka daɗe ana koyarwa, wato idan an tabbatar da ciki a mahaifa to babu wani a waje. Kafin na'urar hoton ciki ta wadata a asibitocin Arewa, likita yana dogara ne da ɗaukewar al'ada da ciwon mara da farin ido, sannan ya soka allura a ciki, idan ya zuƙo jinin da ba ya daskarewa sai a wuce ɗakin tiyata. Inda babu jinin ƙari, akan kwashi wanda ya zuba, a tace shi, a mayar wa mai shi ta jijiya, dabarar da ta ceci mata masu yawa a Afirka ta Yamma. A wancan zamani sau da yawa ba a sanin da ɗan tayi na biyu sai an ga ciki yana ci gaba da girma bayan aiki.

Ian Donald na Glasgow ya buga aikinsa kan hoton ciki a 1958, hoton da ake ɗauka ta farji kuma ya bazu a shekarun 1980, sai dai na'urar ta zo da nata tarko, domin mai sikanin da ya ga zuciyar ɗan tayi tana bugawa a mahaifa yakan natsu, bai leƙa gefen mahaifar ba. Gwajin sinadarin ciki a fitsari ko jini shi ma ba ya taimakawa a nan, tunda cikin mahaifa kaɗai ya isa ya ɗaga shi. Mafi ban tausayi ita ce matar da ta yi ɓari aka yi mata wankin ciki aka sallame ta, alhali na bututun yana nan.

Haɗa ƙwai a wajen jiki ya sauya lissafin baki ɗaya. Cikin farko da Steptoe da Edwards suka ba da rahotonsa a 1976 a bututu ya zauna, kuma bayan haihuwar farko ta wannan hanya a 1978 aka riƙa ganin matsalar kusan sau ɗaya a cikin 100 na irin wannan ciki. Fasahar ta yi nasara a Legas a 1989, sannan a Abuja a 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada. Amma matar da ake kawowa Babban Asibitin Wudil daga ƙauyukan Garko ko Gaya hatsarinta daban ne: ciwon sanyi da ya bar tabo a bututu, da maganin neman haihuwa irin kulomifin da ake sha ba da kulawar likita ba, wanda ke sa jiki ya saki ƙwai fiye da ɗaya.

Maganin metotireksat, wanda aka fara amfani da shi a Japan a 1982 don narkar da cikin bututu ba tare da yanka ba, an hana shi a nan domin zai cutar da na mahaifa. Tiyata ce ginshiƙi, ko ta ƙananan huji da kyamara ko ta buɗe ciki, likita yana kauce wa taɓa mahaifa da ma'ajiyar ƙwan da ke samar da sinadarin riƙe ciki. Inda bututun bai fashe ba, ƙwararru kan yi wa jakar ɗan tayin bututun allurar gishirin fotasiyam suna kallo ta na'ura. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan tayin mahaifa suna kaiwa haihuwa. Daga Wudil zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, tafiyar kusan kilomita 40 ce, kuma matar da bututunta ya fashe ba kowace ce za ta jure ta ba, shi ya sa likitocin mata suka nace cewa duk sikanin farko a duba bututu biyun, a nemi alamar jini a bayan mahaifa, musamman ga mai ciwon mara a gefe ɗaya.